HENRIETTA LEAVITT, AKAWUN DA TA SAMO MA'AUNIN NISAN TAURARI

Duk wanda ya saba tafiyar dare a daji ya san ruɗin wuta. In matafiyi ya hangi haske can gabansa, ba shi da ikon ya ce ko aci-balbal ce a bukkar da ke kusa, ko kuwa gobarar daji ce a kan tudu mai nisan yini guda, gama ƙaramar wuta ta kusa da babbar wuta ta nesa kamarsu ɗaya a ido. Wannan ruɗi shi ne ya tsare masanan falaki shekaru aru-aru. Suna ganin wani tauraro ya fi wani haske, amma ba su da hanyar rarrabe wanda ya fi don girmansa da wanda ya fi don kusancinsa. Wadda ta buɗe musu ƙofa wata mace ce mutuniyar Amurka, mai lalurar kunne, wadda aikinta bai wuce na akawu ba, watau zama a kan tebur da rajista da alƙalami. Labarinta mu ke so mu bai wa masu karatu yau, musamman akawuna da malaman makaranta, domin su ne za su fi kowa gane irin wuyar aikin da ta yi.

Tun da fari ya kamata mu share wata ƙura. Ilmin da mu ke magana a kai ba shi ne na masu duba ba, waɗanda ke gaya wa mutum sa'arsa daga taurari. Ilmin falaki ne, na awo da lissafi, irin wanda malaman Musulmi na da suka yi fice a cikinsa.

Asalinta da karatunta

An haifi Henrietta Swan Leavitt ran 4 ga Yuli, 1868, a wani ƙaramin gari, Lancaster, cikin jihar Massachusetts ta ƙasar Amurka. Ubanta George Roswell Leavitt limamin Kirista ne, ita ce kuwa 'yar farinsa cikin 'ya'ya bakwai. Aikin uban ya riƙa kai su gari gari, har suka zauna a Cleveland, inda ta shiga kwalejin Oberlin da ke kusa da nan. Daga bisani ta koma Kembirij, ba ta Ingila ba, ta Amurka da ke maƙwabtaka da Boston, ta shiga wata makarantar mata da ke raɓe da babbar jami'ar Harvard, wadda daga baya aka sa wa suna Radcliffe. A wancan zamani Harvard ba ta ba mata digiri. Saboda haka da ta gama a 1892, sai aka ba ta takardar shaida mai nuna cewa ta yi karatu daidai da na mazan da aka ba digirin. Ta karanta Girkanci da falsafa da zane da lissafi mai zurfi, amma ilmin taurari sai a shekararta ta ƙarshe ta taɓa shi.

Wajen wannan lokaci jinta ya soma raguwa, ya yi ta raguwa har tsawon rayuwarta. Bayan makaranta ta shiga gidan nazarin taurari na Harvard tana taimako ba ko kwabo. A 1896 ta bari, ta yi tafiya Turai, ta kuma zauna tare da iyayenta a Beloit cikin jihar Wisconsin, inda ta ɗan taɓa aikin koyar da zane. Sai a 1902 shugaban gidan, Edward Pickering, ya sake kiranta, wannan karo da albashi: senti 30 a awa guda, watau kimanin sule ɗaya da taro a kuɗin Ingila na wancan zamani. Yawancin abokan aikinta mata senti 25 su ke samu.

Ɗakin masu lissafi

Shi wannan Pickering, wanda ya riƙe gidan tun daga 1877 har mutuwarsa a 1919, mutum ne mai son tara abu. Ya ga cewa idon mutum na gajiya, yana mantuwa, amma hoto ba ya mantuwa. Don haka ya sa aka dinga ɗaukar hoton sama kowane dare mai kyau, a kan allunan gilashi waɗanda aka shafa wa magani, ana tara su a ma'aji. A kan irin wannan allo kome a juye ya ke: sama fara, taurari kuwa ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an watsa barkono. Allo guda ya kan ɗauki taurari dubbai. Da alluna suka taru fiye da yadda mazan gidan za su iya dubawa, sai ya ɗauki mata aiki, domin suna da haƙuri, kuma, kada mu ɓoye, domin ladansu ya fi arha. Sunan da a ke kiran waɗannan mata da shi a Turance ma'anarsa masu lissafi, shi ne kuwa sunan nan da daga baya ya koma kan na'urar da mu ke kira kwamfuta. Shugabarsu, Williamina Fleming, da can 'yar aikin gidan Pickering ce. Akwai kuma Annie Cannon, ita ma mai lalurar kunne, wadda ta rarraba taurari fiye da dubu 200 aji aji bisa ga irin haskensu.

Rabon Henrietta ya faɗa kan taurari masu sauya haske. Mafi yawan taurari haskensu ɗaya ne jiya da yau, amma akwai waɗansu da su kan dushe su kuma farfaɗo. An daɗe da sanin haka. A 1596 wani Bajamushe, David Fabricius, ya ga wani jan tauraro wanda ya haskaka sa'an nan ya ɓace, daga baya aka gane yana komowa bayan kimanin wata goma sha ɗaya, kwana 332 ke nan, aka sa masa suna Mira, watau abin mamaki. Irinsa su ne masu dogon wa'adi. A 1784 kuma wani saurayi Baturen Ingila, John Goodricke, ya gano wani iri dabam cikin ƙungiyar taurarin da a ke kira Sefiyus. Wannan shi gaggawa gare shi: cikin kwana biyar da awa tara ya kan haskaka da sauri, ya dushe sannu sannu, ya sake, ba ya saɓa lokaci. Duk masu irin halinsa sai aka riƙa kiransu da sunan ƙungiyar, mu ma a nan za mu kira su 'yan Sefiyus. Abin lura, Goodricke kansa kurma ne tun yana yaro, ya kuwa rasu yana da shekara 21.

To, yaya a ke tsamo tauraro ɗaya mai sauyawa daga cikin dubbai? Ga dabarar. A ɗauki alluna biyu na wuri ɗaya a sama, waɗanda aka ɗauka a darare dabam dabam, ɗaya mai baƙaƙen taurari, ɗaya an juya shi ya zama mai farare. A ɗora wannan bisa wancan, a daidaita su, a sa haske daga ƙasa. Duk tauraron da bai sauya ba, baƙinsa ya rufe farinsa. Wanda ya sauya kuwa sai a ga ɗan farin zobe ya leƙo kewaye da ɗigon. Sa'an nan sai a sa masa lamba a bayan gilashin da tawada, a rubuta mazauninsa a rajista, a koma ma'aji a ɗauko dukan allunan da ya fito a cikinsu, na bara da na bara waccan, a kimanta haskensa a kowanne ta gwada shi da maƙwabtansa. Daga waɗannan ranaku barkatai a ke lissafo wa'adinsa. Akawun da ya taɓa neman kuskuren kwabo guda cikin littafin kuɗi na shekara uku zai ɗan ji ƙanshin abin. Da wannan dabara Henrietta ta gano taurari masu sauya haske fiye da 2,400, kusan rabin dukan waɗanda duniya ta sani a zamaninta.

Gajimaren Majalan

Can ƙasa wajen kudu akwai wasu fararen tabo biyu a sama, kamar gutsuren girgije da ba ya motsi da iska. Turawa sun sa musu sunan Majalan, matuƙin jirgin ruwan nan da ayarinsa ya fara kewaya duniya tsakanin 1519 da 1522, ana ce da ɗaya Babban Gajimare, ɗaya Ƙaramin Gajimare. Daga ƙasarmu su kan ɗan ɗago bisa bakin sama ta kudu cikin watannin sanyi, sai dai hazon hunturu ya kan rufe su. Daga Kembirij kuwa ba a ganinsu sam. Saboda haka Harvard ta kafa wani reshe a Arequipa, kan duwatsun ƙasar Peru, ta kai can wani babban madubin hangen nesa mai faɗin inci 24, wanda wata attajira, Catherine Bruce, ta biya kuɗinsa. Can a ke ɗaukar hotunan, a shirya su cikin akwatuna, a auno su jirgin ruwa har Boston. Ita Henrietta daga kan teburinta ta ke duban sammai waɗanda ba sa fitowa a garinsu.

Da ta fara ɗora allunan gajimaren nan bisa juna, sai masu sauya haske suka yi ta ɓullowa kamar fari. A 1908 aka buga jerin da ta tattara, taurari 1,777, watau 969 a Ƙaramin Gajimare, 808 a Babba. Takarda ce ta jadawali zalla, shafi bayan shafi na lambobi. Amma wajen ƙarshenta akwai wani ɗan jadawali na taurari 16 waɗanda ta samu wa'adinsu, ta kuwa ja hankali a taƙaice ga cewa waɗanda suka fi haske su ne suka fi dogon wa'adi. Kusan ba wanda ya kula.

Sai ciwo ya kwantar da ita fiye da shekara guda. Ta komo a 1910, ubanta ya rasu a 1911, ta sake tafiya wajen dangi. Da ta zauna sosai sai ta ƙara yawan taurarin suka zama 25, duka daga Ƙaramin Gajimare, mafi gajeren wa'adi kwana ɗaya da rubu'i, mafi tsawo kwana 127. Ta ɗauki takarda mai gidan dara, ta jera wa'adi a kwance, haske a tsaye, ta ɗiga kowane tauraro a mazauninsa. Da ta jera wa'adin bisa ninki maimakon bisa ƙari, sai ɗige-ɗigen suka hau miƙaƙƙen layi. Ma'anar layin ita ce, duk sa'ad da wa'adi ya ninka sau uku, haske ya kan hau mataki ɗaya a ma'aunin masana falaki, mataki ɗaya kuwa kimanin ninki biyu da rabi ne.

A nan ne basirarta ta ke, muna roƙon mai karatu ya ɗan dakata. Da a ce taurarin nan 25 a warwatse su ke ko'ina cikin sama, wannan kusa, wancan nesa, da layin bai fito ba, gama ruɗin wutar dare ya ɓata shi. Amma duka a gajimare ɗaya su ke. Mutumin da ke hangen gari daga nisan tafiyar kwana arba'in, ba ruwansa da cewa wani gida na ƙofar gabas, wani na ƙofar yamma. A wurinsa nisansu ɗaya. In ya ga fitilar wani gida ta fi ta wani haske, to lalle ta fi ta ne da gaske. Haka Henrietta ta yi tunani. Tun da nisan taurarin kusan ɗaya ne, bambancin haskensu a ido shi ne bambancin haskensu na ainihi, ashe ke nan wa'adin ɗan Sefiyus yana tona asirin ƙarfin wutarsa. Wa'adi kuwa abu ne da kowa zai iya ƙirgawa da kalanda. Ka ƙirga kwanaki, ka san ƙarfin wutar. Ka gwada ƙarfin wutar da ɗan hasken da ya iso idonka, ka san nisa, domin haske na raguwa sau huɗu in nisa ya ninka biyu, sau tara in ya ninka uku.

An buga wannan a wata 'yar takardar sanarwa ta Harvard mai lamba 173, ran 3 ga Maris, 1912, shafi uku kacal. Wanda ya sa hannu a ƙasa Pickering ne. An dai ambata a layin farko cewa ita ta shirya bayanin, ba za mu ce an sace mata aiki ba, haka al'adar gidan ta ke. Amma akawu ya san wannan hali: shi ya kwana yana rubutu, sunan maigida ke ƙasan takarda.

Sandar awo ba lamba

Abu guda ya rage. Ba wanda ya san nisan Ƙaramin Gajimare kansa, saboda haka abin da ta samo kamar sandar awo ce mai tsaga-tsaga daidai amma ba a rubuta mata lamba ba. Ana bukatar a san nisan ko da ɗan Sefiyus ɗaya ta wata hanya dabam. Ita da kanta ta faɗi wannan bukata a takardar. Tsohuwar hanyar awon nisa kuwa ita ce irin ta yatsa: miƙa hannu ka ɗaga yatsa, ka rufe ido ɗaya, ka sake rufe ɗayan, za ka ga yatsan ya yi tsalle. Masana su kan duba tauraro yau, su sake dubansa bayan wata shida sa'ad da duniya ta koma ɗaya gefen rana, su auna ɗan tsallen da ya yi. Friedrich Bessel ya fara cin nasarar wannan a 1838. Amma hanyar ba ta kai ko'ina ba sai ga taurarin kurkusa, 'yan Sefiyus kuwa duk sun fi ƙarfinta a kayan aikin wancan zamani.

Ba a bar ta ta bi sawun abin da ta gano ba. Pickering ya fi damuwa da wani aiki, na tsayar da ma'aunin haske a hoto, domin madubai dabam dabam da alluna dabam dabam su kan ba da amsa dabam dabam. Ya sa ta ta auna wasu zaɓaɓɓun taurari da ke kewaye da tauraron arewa, su zama mudun da za a riƙa gwada sauran da shi. Ta yi aikin da alluna 299 daga madubai 13, aka buga shi a 1917, gidajen nazarin taurari na ƙasashe suka karɓe shi. Aiki ne mai amfani, ta kuwa yi shi da gaskiya. Amma a ganinmu an ɗauki dokin sukuwa an sa shi jan amalanke. Cecilia Payne, wadda ta zo gidan a 1923 ta kuma zama babbar masaniya, ita ma haka ta gani.

Wasu ne suka rubuta lambobin a kan sandar. A 1913 Ejnar Hertzsprung, mutumin Denmak, ya yi dabara da 'yan Sefiyus 13 na kusa da mu, ya lura da ɗan gusawarsu a sama, ya kimanta matsakaicin nisansu, daga nan ya lissafa cewa Ƙaramin Gajimare na nisan tafiyar haske ta shekara dubu 30. Haske na gudun mil 186,000 a sakan guda, daga rana zuwa nan minti takwas ya ke yi, sai mai karatu ya kwatanta. Lissafin ya gaza ƙwarai, yau an san nisan ya kai shekara dubu 200, amma ko hakan ba a taɓa auna nisa irinsa ba. Bayansa Harlow Shapley ya ɗauki sandar ya auna wannan babban garken taurari da mu ke ciki, wanda mu kan ga gefensa da dare kamar farar hanya ta ratsa sama. A 1918 ya nuna cewa garken ya fi yadda a ke zato girma nesa ba kusa ba, rana kuma ba a tsakiyarsa ta ke ba, can gefe ta ke.

Ita kuwa tana nan a kan teburinta. Ba ta yi aure ba. Ta zauna gidan baffanta, wani shahararren injiniya, har ya rasu a 1916, sa'an nan ta koma zama da mahaifiyarta kusa da wurin aiki. Waɗanda suka san ta sun shaide ta da natsuwa da riƙon addininta da sakin fuska. A 1921 Shapley ya zama shugaban gidan, ya ɗora ta bisa sashen awon hasken taurari. Ba ta ci moriyar muƙamin ba. Ciwon daji ya riga ya kama ta, ta rasu ran 12 ga Disamba, 1921, tana da shekara 53, aka binne ta a maƙabartar Kembirij wajen danginta.

Abin da ya biyo baya

Lokacin rasuwarta masana na cikin gardama mai zafi. Akwai wasu tabo-tabo masu kama da hazo a sama, mafi shahara shi ne na ƙungiyar Andiromida, wanda Abdurrahman al-Sufi ya ambata cikin littafinsa na taurari tun wajen shekarar 964. Wasu na cewa hayaƙi ne kawai a cikin garkenmu, wasu na cewa garkuna ne masu zaman kansu can nesa. A watan Afrilu na 1920 Shapley da Heber Curtis suka kara a kan wannan gaban taron masana a Washinton, aka tashi ba a raba gardama ba. A watan Oktoba na 1923, shekara biyu ba ta cika da rasuwarta ba, Edwin Hubble ya ɗauki hoton Andiromida da madubi mai faɗin inci 100 na Dutsen Wilson a Kalifoniya, ya tsinci ɗan Sefiyus a ciki. Ya ƙirga wa'adinsa, kwana 31 da 'yan awoyi. Ya ɗora shi a kan layin Henrietta, lissafi ya ba shi nisan da ya doshi shekara miliyan ɗaya ta tafiyar haske, watau can waje da garkenmu. Gardama ta mutu a nan. A 1929 kuma Hubble ya haɗa irin wannan awo da gudun garkunan, ya nuna cewa gwargwadon nisan garke gwargwadon saurin da ya ke nisantarmu, abin da ke nuna sararin samaniya buɗewa ya ke yi.

A 1925 wani dattijon masanin lissafi na ƙasar Suwidin, Gösta Mittag-Leffler, ya rubuto mata wasiƙa yana so ya gabatar da sunanta don kyautar Nobel. Bai san ta fi shekara uku a kabari ba, kyautar kuwa ba a ba mamaci. Shapley ne ya amsa wasiƙar, ya yabe ta, bai kuma manta da ambaton nasa aikin ba. Ko da tana da rai, ba mu da tabbacin za a ba ta, gama a zamanin nan masu ba da kyautar ba su cika waiwayar masana taurari ba.

Layin nata bai karye ba, lambobin da maza suka rubuta masa ne aka yi ta gyarawa. A 1952, a taron masana falaki a birnin Rum, Walter Baade ya bayyana cewa 'yan Sefiyus iri biyu ne, ɗaya ya fi ɗaya haske ko da wa'adinsu ɗaya, an kuwa cuɗanya su wajen sa lamba. Nan take nisan garkuna ya ninka biyu. Yau ana lissafa nisan Andiromida shekara miliyan biyu da rabi. Dalilin sauyawar hasken ma an gane shi bayanta. Tauraron numfashi ya ke yi, ya kumbura ya sace. Arthur Eddington ya kawo shawarar cewa akwai wani shimfiɗi a jikinsa mai aiki kamar murfin tukunya, a 1953 kuma wani Barashe, Sergei Zhevakin, ya nuna iskar hiliyam ce: in ta matsu ta yi zafi sai ta tare haske, zafin ya taru ya tura ta waje, in ta buɗe ta huce sai ta saki hasken, nauyi ya komo da ita. Babban tauraro numfashinsa a hankali ya ke, kamar yadda babbar ganga ta fi ƙarama zurfin murya, shi ya sa mai dogon wa'adi ya fi haske.

Saura dangin Mira, masu dogon wa'adin nan da aka fara sani tun kafin 'yan Sefiyus. Su tsofaffin taurari ne jajaye, sun kumbura har faɗinsu ya ninka na rana sau ɗaruruwa, wa'adinsu daga kwana ɗari har abin da ya kai dubu. An daɗe ana ganin ba su da amfani wajen awo, domin a ido haskensu kan sauya ninki ɗari ko fiye, wannan zagaye bai yi daidai da wancan ba, ga kuma ƙurar da su ke fesarwa tana lulluɓe su. Ashe laifin na ido ne. Mafi yawan wutarsu na fita ne cikin wani haske na zafi wanda ido ba ya gani, wanda ke bayan ja a jerin launukan bakan gizo. A 1981 masana biyu da ke aiki a Afirka ta Kudu, Ian Glass da Tom Lloyd Evans, suka auna dangin Mira na Babban Gajimare da na'ura mai jin wannan haske, suka bi dabarar Henrietta sak, ta ɗaukar taurarin da ke wuri ɗaya mai nisa ɗaya. Sai ga miƙaƙƙen layi ya sake fitowa: mai dogon wa'adi ya fi haske. Wannan ba ƙaramin samu ba ne, domin 'yan Sefiyus matasan taurari ne, ba a samunsu sai a garken da ke haifar sababbi, dangin Mira kuwa kusan kowane garke na da su. A 2018 an auna su da madubin Hubble mai shawagi a sama cikin wani garke mai nisan fiye da shekara miliyan 20.

Abin da ya sa a ke ƙoƙarin samun sandar awo ta biyu shi ne wata sabuwar gardama. Masu auna saurin buɗewar sararin samaniya ta hanyar 'yan Sefiyus suna samun lamba wajen 73, masu lissafa shi daga hasken farkon halitta suna samun wajen 67, kowane ɓangare kuwa ya amince da awonsa. Ko dai akwai kuskure a ɓoye cikin awon, ko kuwa akwai wani abu game da sammai da ilmi bai kai gare shi ba tukuna. Dangin Mira na cikin shaidun da a ke kira su raba wannan shari'a.

Allunan gilashin nan suna Harvard har yanzu, wajen rabin miliyan, wasu da lambobin tawadar da matan suka rubuta, littattafan rajistarsu ma an adana su. Masana da yawa yanzu suna kiran layin nan Dokar Leavitt. An kuma sa sunanta ga wani ƙaramin dutse mai kewaya rana, mai lamba 5383, da wani kwarin rami a kan wata, a gefen nan nasa da ba ya juyowa wajenmu.